Kwanon Malam Ya Dawo Babu Goro

Lahadi, bayan isha'i

Kwanon Malam ya dawo yau da rabin tuwo a ciki, kuma babu goro a kan murfi.

Tun da aka kawo ni gidan nan na Koki haka na tarar da su. In an idar da magariba mijina Malam Ashafa ya ɗauki kwanonsa, wansa Yaya Maharazu ya fito da nasa daga sashensu, su haɗu a soro da maƙwabta a yi ciyayya. A buɗe kwano ɗaya a cinye, a jawo na gaba. In an ci nawa, Yaya ya ɓare goro ya ɗora ɓari ɗaya a kan murfin, tukuicin mai girki. Ni ba na cin goro. Matarsa Uwani nake miƙa wa da safe, ta cinye abin mijinta hankali kwance, shi kuwa har yau yana ganin ni ce mai ci.

Ina kicin ina kankare tukunya abin ya faru. Bangon kicin ɗina shi ne bangon soro, don haka ba laɓe na yi ba, maganar ce ta zo ta same ni. Zancen dai na kullum ne, na zaɓen shugaban ƙasa. Ba zan ɓata takarda da sunayen 'yan takarar ba, hotunansu da aka lilliƙa mana a jikin gida sun ishe ni. Yaya na Dattijo ne, wanda ya riƙe ƙaramar hukuma, ya je majalisa, ya riƙe jiharsu, babu kujerar da bai ɗana ba sai ta ƙoli. Malam na Farfesa ne, mai digiri har uku, wanda ya daɗe yana aiki a ƙasashen waje.

Tun da aka buga gangar siyasa suke wannan musu, a yi a tashi lafiya. Yau Yaya ya ce wanda bai taɓa riƙe ko kansila ba, ba za a miƙa masa ƙasa ya koyi tuƙi da ita ba. Maƙwabta suka kwashe da dariya. Malam kuwa ba ya son a yi dariya a kansa, tun yana hedimasta haka yake. Sai ya faɗi abin da ya faɗa. Ba zan rubuta shi ba. An ambaci aji a ciki, an ambaci hannu.

Daga nan sai na ji takalmin Yaya yana ja zuwa cikin gida.

Kowa a unguwar nan ya san a aji uku aka cire Yaya daga makaranta, lokacin da ciwo ya kwantar da mahaifinsu, aka kai shi marinar Ƙofar Mata ya gaji ramin rini. Tun daga nan hannunsa shuɗi ne har gwiwar hannu, babu sabulun da ke fitar da shi. Malam aka bari ya zarce da karatu. Malam ya fi kowa sanin wannan.

Litinin, da magariba

Yaya bai fito ba. Murfi ya dawo fayau.

Talata, da hantsi

Tun da Malam ya rasa abokin musu sai ya mayar da ni majalisa. Ina tsince shinkafa ya jawo kujera.

"Baraka, ki duba fa. Mutum ya tsufa a cikin gwamnati, to ina wutar? Ina ruwan? Gogewa a kan me, a kan lalacewa? Ƙasar nan lissafi take nema, kuma lissafi karanta shi ake yi."

Na ce gaskiya ne. Na ce amma ranar da na fara shiga aji da takardar malantata sabuwa fil, yara 'yan aji biyu sai da suka sa ni kuka, sai da wata tsohuwar malama ta leƙo ta yi gyaran murya aka samu lafiya. Ya ce ya san ta, ita ce har ta yi ritaya tana koya wa yara cewa rana ce ke zagaya duniya. Wannan ma gaskiya ne, Allah ya ji ƙanta.

Na ce masa ni ba Farfesa ne damuwata ba, Yaya ne. Ya ce shi bai faɗi ƙarya ba. Na ce ai da ƙarya ce da tuni an manta. Ya ɗauki hularsa ya fita, bai sha kunun da na dama masa ba.

Alhamis, bayan azahar

Na haɗu da Uwani a bakin famfo. Mun yi hirar ruwa, mun yi ta sauro, mun yi ta auren 'yar maƙwabta, duk muna zagaye abu ɗaya. Sai da ta ɗora bokiti a ka sannan ta ce an sa ranar aikin idon Yaya, Alhamis ɗin makon zaɓe.

Idon hagu ya daɗe da mutuwa, tun wani aiki da aka yi masa shekarun baya. Na dama ne ya rage, shi ma yanar ido ta rufe shi. Uwani ta ce yanzu in ya tsamo zane daga rami ba ya iya cewa ya kama ko bai kama ba, sai ya tambayi na kusa. Mutumin da a da daga nesa yake faɗa wa marina cewa baban rini ya yi yawa. Likita ya ce akwai fata, amma idon ya sha wuya, bai yi alkawari ba.

Tun ɗazu abu ɗaya ke cin raina. In idon nan bai tashi ba, fuskar Malam ta ƙarshe da Yaya zai riƙe ita ce ta ranar Lahadi, da bakin da ya faɗi maganar nan. Tsoro nake ji, wallahi. Na wanke kwanukan da suke a wanke.

Juma'a, da la'asar

Shekaru suna tafiya masallaci tare, Malam a gaba da farar riga, Yaya yana bin farin. Ba su taɓa cewa don ido ne ba. Yau ɗansa Mubarak ne ya ɗauke shi a adaidaitarsa. Malam ya sa farar rigar duk da haka.

Asabar, da yamma

Na yi ɓarna da hannuna.

Na ce bari in gyara. Na yi dambun shinkafa da zogale, wanda Yaya ke cewa ko a aljanna zai tambaya. Na zuba a sabuwar kula, na kai sashensu da kaina, na ce wa Uwani in ji Malam. Na ga fuskarta ta canza, amma na ɗauka kunya ce.

Ba a jima ba ta dawo da kular, ko buɗewa ba a yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba.

"Maman yara, ki yi haƙuri, saƙo ne. Ya ce a gaya wa Ashafa, abincin da ake bin mutum da shi ɗaki na marar lafiya ne ko na baƙo. Ya ce shi bai kwanta ba tukuna, kuma a gidan nan aka yanke masa cibiya. Tunda ƙaninsa ya raba kwano, ya gode."

Ashe abin da na faɗa da kular nan ke nan: ka ci a ɗakinka, soro ba naka ba ne. Na yi shekaru a gidan nan ban taɓa ganin an kai wa Yaya abinci ciki ba sai ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, amma ban tsaya na yi tunani ba. Kuma da sunan Malam na yi.

Malam yana ɗaki ya ji komai. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Wa ya aike ki?" Na ce babu. Ya ce, "To kin ƙara." Na koma wurin Uwani na ce ta gaya wa Yaya karambanina ne. Ta ce ta gaya masa tun farko, ya ce mace ba ta rufa wa miji asiri sai da abin rufewa.

Dambun yana nan. Ba wanda ya taɓa.

Litinin, da magariba

Maƙwabta sun fara janyewa, kowa da uzurinsa. Yau Malam shi kaɗai ya ci a soro, ina jin ƙarar cokalin miya a jikin kwano.

Laraba, da safe

Jiya aka yi muhawarar 'yan takara, kuma aka yi sa'a an kawo wuta. Mu muna kallo a talabijin, Yaya yana saurare a rediyonsa ta bayan katanga. Rediyon ya riga talabijin da ɗan kaɗan, don haka kafin Dattijo ya rufe baki a wurinmu, sai mu ji Yaya can yana cewa, "Allah ya yi maka albarka." Malam ya yi tsaki tun bai ji me aka ce ba. In Farfesa ya yi magana kuma, tarin Yaya ne ke riga ta isowa. Haka suka yi musunsu har aka gama, ba wanda ya ce da wani uffan.

Ni dai na saurara da kunnena. An tambayi Dattijo me ya bari a duk kujerun da ya hau. Ya jero tituna da rijiyoyin burtsatse, ya kira sunan hakimai da 'yan kasuwa na kowace jiha kamar tare suka tashi. Da aka zo kan samarin da suka gama karatu babu aiki, sai ya ce in sha Allahu za a duba. An yi shekaru ana dubawa, Mubarak da difilomarsa adaidaita yake ja.

Farfesa kuwa baki kamar famfo, alƙaluma na zuba, kuma na fahimci yawancin abin da ya ce, ba zan ɓoye ba. Amma da aka tambaye shi yadda zai yi da gwamnoni da 'yan majalisar da ba sa ƙaunarsa, sai ya ce zai nuna musu hujja. Na yi dariya har Malam ya harare ni. Hujja. Ga mai hujja nan zaune kusa da ni, ya kasa taka tsakar gida ya gai da wansa.

Ba wanda ya tambaye ni wa zan zaɓa. Gara haka, don ban sani ba.

Alhamis, da la'asar

Mubarak ya shigo gai da Baffansa. Ya durƙusa, aka gaisa, sai ya ce yana ganin ya kamata Baffa ya sani: likita biyu ne ke aikin ido a asibitin. Akwai babban, wanda ya tsufa a kan aikin. Akwai wata sabuwa da ta dawo daga karatu a waje, da na'ura take yi. An ba su zaɓi.

"Baba ya ce ita yake so."

Malam ya ajiye jaridar hannunsa.

"Ita? Ido nawa ta taɓa yi? Ido ɗaya ya rage wa mutum, a ɗauka a ba yarinya ta koyi aiki da shi?"

Na so in yi shiru, Allah ya sani, amma bakina ya riga ni. Na ce, "Malam, ai an ce takardunta sun fi na tsohon yawa." Ya dube ni ya daɗe. Ya ce wannan daban. Na ce to.

Mubarak yana kallon ƙasa ya ce, "Baba ya ce wanda ya kashe masa na hagu ma tsohon hannu ne, gari duk ana yabonsa."

Malam ya ce ya koma ya gaya wa ubansa ya sake tunani. Ya je ya dawo. Wai Yaya ya ce ido nasa ne, mai magana kuma ya zo da bakinsa.

Na kasa zama tun ɗazu. Ga mai neman gogewa ya zaɓi takarda, ga mai neman takarda yana kukan gogewa, kuma ba wanda zan yi dariyar da shi.

Juma'a, bayan magariba

Na gan shi ta taga. Ya taka har bakin sashen Yaya, ya tsaya, ya gyara hula. Sallama kawai ta rage. Sai ya sunkuya ya ɗauki wata buta da ba tamu ba ya dawo da ita.

Lahadi, da azahar

Kaina ke ciwo. Na ƙona miya.

Talata, bayan la'asar

Jiya da yau Malam ya fita da sassafe bai ce ga inda za shi ba, ya dawo a gajiye, ko abincin rana bai ci ba. Yau na tare shi a ƙofar ɗaki na ce ba zai wuce ba sai ya faɗa.

Ashe asibiti yake zuwa. Ya samu benci a bakin sashen ido ya zauna, duk wanda ya fito da filasta a fuska ko ya dawo a duba shi sai ya bi shi da gaisuwa. Wa ya yi maka? Yaushe? Kana gani? Ya ce har masu shara ya tambaya, har wani mai gadi ya fara yi masa kallon ɗan damfara. Hedimasta guda.

"To me ka samo?"

"Sabuwar likitar ta yi da yawa. Waɗanda ta yi wa suna gani, sai wata tsohuwa ɗaya da ta ce har yanzu hazo-hazo. Shi babban ma in aiki ya yi wuya ita yake tura wa. Amma an ce yana tsayawa a bayanta."

Na ce to ya je ya gaya wa Yaya hankalinsa ya kwanta. Ya ce ai ya riga ya zaɓa, me zai ƙara masa. Na ce zai ƙara masa ƙani. Ya wuce ni ya shiga ɗaki.

Da ya zauna cin abinci na ce, shi Farfesa fa, ka bi waɗanda ya yi wa aiki ka tambaye su ko suna gani? Na ɗauka zai yi fushi. Sai ya ce da akwai bencin da ake zama a yi wannan tambayar, da ya zauna, kuma da ya tambayi na Dattijo ma. Ya ce shi abin da ya ji a rediyo kawai ya sani, kamar kowa. Ban taɓa jin ya ce kamar kowa ba.

Laraba, da la'asar

Gobe ne. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Uwani tana wanke rigar da zai sa, ba mu iya kallon juna ba.

Alhamis, da hantsi

Sun tafi. Malam ya riga su fita ya tsaya a soro da farar rigarsa, na ce alhamdu lillahi. Mubarak ya fito riƙe da hannun ubansa. Yaya ya zo daidai farin ya rage tafiya, na rantse ya rage. Malam ya buɗe baki. Ina bayan ƙyaure ina cewa faɗi mana, faɗi mana. Sai adaidaita ta yi hon, Yaya ya wuce.

Haushi ya kama ni har na ji hawaye. Na fito zan yi masa tas, na tarar ba ya nan, ya tari wata adaidaitar ya bi bayansu.

Alhamis, da azahar

Shiru. Wayar Uwani a kashe, ta Malam tana nan kan gado ya manta ta.

Alhamis, da la'asar

Sun dawo. An rufe idon da auduga da filasta, sai gobe za a buɗe a ga abin da Allah ya yi. Yau dai Yaya ba ya ganin komai, Mubarak ne ya shigo da shi taki ɗaya-ɗaya.

Uwani ta ce Malam a can ƙarshen benci ya zauna shi kaɗai. Da aka shiga da Yaya aka cire masa takalma a bakin ƙofa, Malam ya tashi ya ɗauke su. A cinyarsa ya riƙe su har aka fito.

Na ɗora tuwo. Na yi shi da laushi, ban san dalili ba.

Alhamis, bayan isha'i

Likita ta ce ya kwanta, kada ya sunkuya. Ana idar da magariba na ji muryarsa a tsakar gida yana ce wa Mubarak ya kai shi soro, cin ɗaki ya ishe shi. Malam ya riga ya fita da kwanonsa. Na shiga kicin. Wannan karon laɓe na yi, babu tukunyar da nake kankarewa.

Mubarak ya zaunar da shi ya fita. Sai na ji zubar ruwan buta a kwano, a hankali, irin zubar da ake yi wa wani. Sai ƙarar murfi.

"Ina kwanon yake?"

"Kawo hannunka, Yaya."

Na dafa bango. Hannun nan dai da aka ambata.

Can Malam ya ce, "Yaya, maganar da na yi rannan..."

"Ashafa, miyar ta wane gefe take?"

"Ga ta nan, dama da kai."

Suka ci. Ina jin Malam yana juya masa kwanon. Sai da aka kusa gamawa Yaya ya yi gyaran murya.

"Jibi in na gani, kai za ka shige gaba da farar rigarka mu je rumfar zaɓe. In ban gani ba, kai za ka kama min yatsa ka dangwala."

"A ina?"

"Ka san inda."

"Na sani."

"Ba za ka karkatar min da hannu wajen mai takardunka ba?"

Malam ya yi wata 'yar dariya da ba ta fita duka ba. Ya ce, "Ba zan karkatar ba, Yaya."

Kwano ya dawo a sharce, da ɓarin goro fari a kan murfi. Na tambayi Malam wa ya ɓare, tunda Yaya ba ya gani. Ya ce na cika tambaya.

Gobe za a buɗe idon, ban san me za a tarar ba. Uwani ta leƙo ɗazu tana murmushi, ta miƙo hannu a ba ta abinta kamar kullum. Na ce yau kam ta yi haƙuri. Na ci abuna da kaina. Ɗaci gare shi, na cinye duka.